Akwatin Tambayoyi: Su Wane Ne Kurdawa, Kuma Me Ya Hana Su Ƙasa?

Tun da rediyoyi suka fara ba da labarin PKK, ƙungiyar mayaƙan Kurdawa ta Turkiyya, ta ajiye makamai, wasiƙun da ke shigo mana daga Damagaram da kewaye suka karkata kan Kurdawa. Mun haɗa masu kama da juna, mun kuma rage tsawon wasu saboda wuri.

Assalamu alaikum. Ina kan keken ɗinki kullum rediyo na kunne. Yau in ji Kurdawa a Turkiyya, gobe a Iraƙi, jibi a Siriya. Larabawa ne ko Turkawa? Ina ne ƙasarsu?
*Wani tela, unguwar Zango*

Wa alaikumus salam, Malam. Ba Larabawa ba ne, ba kuma Turkawa ba. In danginsu ake nema ta wajen harshe, sai a dubi Farisawan Iran da Baluchawa da Pashtunawan Afganistan.

Ƙasar da suke zaune a kai dunƙule take wuri guda, iyakoki ne suka yanka ta gida huɗu: kudu maso gabashin Turkiyya, arewacin Iraƙi, yammacin Iran, da arewacin Siriya. Ƙasar duwatsu ce, inda tsaunukan Zagros suka haɗu da na Toros, da hunturu ƙanƙara kan rufe hanyoyin ƙauyuka. Kogunan Dijla da Furat daga tsaunukan gabashin Turkiyya suke tasowa. Can kusa da garin Jizre akwai dutsen da mutanen wurin da masu tafsiri da yawa ke cewa shi ne Judiyyu, wanda Suratu Hud ta ce jirgin Annabi Nuhu ya tsaya a kansa. Manyan garuruwansu su ne Diyarbakir da Wan a Turkiyya, Arbil da Sulaimaniyya da Duhok a Iraƙi, Sanandaj da Mahabad da Karmanshah a Iran, sai Ƙamishli a Siriya.

Ana ƙiyasta yawansu tsakanin miliyan 30 da miliyan 45. Tazarar ta yi faɗi ne domin gwamnatocin ba sa ƙidaya su da sunan ƙabila. Turkiyya rabonta da wallafa alƙaluman harshen uwa tun ƙidayar 1965. Ko da ƙaramin adadin aka ɗauka, sun fi mutanen Nijar gaba ɗaya. Kusan rabinsu suna Turkiyya. A Turai kuwa Jamus ce ta fi tara su.

Batun asali sai an yi a hankali. Ƴan kishin Kurdawa na cewa su jikokin Mediyawa ne, mutanen da suka haɗa kai da Babila suka rusa birnin Ninawa a shekara ta 612 kafin haihuwar Annabi Isa. Wasu na jingina su da wata al'ummar duwatsu da ake kira Karduk, wadda ta wahalar da rundunar Girkawa da ta ratsa yankin a shekara ta 401 kafin haihuwar Annabi Isa. Masana tarihi suna riƙon waɗannan ne kamar yadda ake riƙon labarin Bayajidda a nan: yana da aiki wajen haɗa kan mutane, amma ba a kafa hujja da shi kai tsaye. Abin da ya tabbata shi ne, tun farkon Musulunci marubutan Larabawa ke ambaton "Akrad" a waɗannan duwatsu, yawanci makiyaya. A ƙarni na 12 Sarkin Saljuƙawa Sanjar ya sa wa wani lardi suna Kurdistan. A 1597 kuma Sharaf Khan, sarkin Bitlis, ya rubuta tarihin gidajen sarautar Kurdawa, amma da Farisanci ya rubuta shi.

Wani mai wa'azi ya ce Salahuddin Ayyubi Bakurde ne. Wani kuma ya ce Kurdawa ƴan gurguzu ne da ba ruwansu da addini. Wanne za mu kama?
*Wani malamin zaure, Birni*

Allah ya gafarta Malam, na farkon ya faɗi gaskiya, na biyun kuwa kuɗin goro ya yi musu.

Salahuddin daga gidan Kurdawa ya fito. An haife shi a Tikrit wajen 1137, ya ci yaƙin Hiɗɗin a 1187, ya karɓi Ƙudus a watan Oktoba na shekarar, ya rasu a Dimashƙu a 1193. Sai dai bai yi yaƙi da sunan ƙabila ba. Rundunarsa cike take da Turkawa da Kurdawa da Larabawa, daularsa kuma a Masar da Sham ta kafu. Wani abin mamaki, Saddam Husaini ma a gefen Tikrit aka haife shi, ya kuma sha kwatanta kansa da Salahuddin, alhali shi ne ya zuba wa dangin Salahuddin iskar guba.

Akwai wanda ya fi Salahuddin kusa da buzun Malam. Ibnul Hajib, wato Usmanu ɗan Umaru, an haife shi a Isna ta kudancin Masar, ya rasu a Iskandariyya a 1249. Mahaifinsa Bakurde ne mai tsaron ƙofar wani amiri, daga nan laƙabin ya samo asali. Shi ne mai Kafiya a nahawu da Shafiya a sarfu, kuma shi ya rubuta Jami'ul Ummahati a fiƙihun Malikiyya. Wannan littafi ne Shehu Halil mai Muhtasar ya yi wa sharhi da Taudihi. Ke nan duk almajirin da ya wuce Risala da Askari ya kai ga Muhtasar, yana shan ruwan rijiyar da ɗan Bakurde ya taimaka aka haƙa. Ibnus Salah mai Muƙaddimar ilimin hadisi, wanda ya rasu a 1245, shi ma Bakurde ne daga yankin Shaharazur.

Mafi yawan Kurdawa Sunni ne, ƴan mazhabar Shafi'iyya, saɓanin Turkawa da suke Hanafawa. Wanda ya bi sallar asuba a masallacin Shafi'awa a Arbil zai ji liman ya bayyana bisimilla kafin Fatiha, ya kuma yi alƙunutu a bayyane bayan ruku'u, ba a asirce kafin ruku'u irin namu ba. Ɗariƙu biyu ne suka yi ƙarfi a cikinsu, Ƙadiriyya da Naƙshabandiyya. Manyan gidajen siyasarsu ma daga zawiyya suka fito: gidan Barzani na shehunan Naƙshabandiyya ne, gidan Talabani na Ƙadiriyya.

Akwai ƴan Shi'a a wajen Karmanshah da Ilam, akwai Alawiyyawan Darsim a Turkiyya, akwai Yazidawa masu addininsu na daban, waɗanda ƴan Da'ish suka yi wa kisan kiyashi a Sinjar a watan Agustan 2014. Zancen gurguzu kuwa daga PKK ya taso, domin a kan aƙidar Markisanci aka kafa ta a 1978. Amma PKK ƙungiya ce guda. Akwai jam'iyyun Kurdawa masu ra'ayin Musulunci a Iraƙi da Turkiyya, akwai kuma miliyoyin Kurdawa da suka daɗe suna zaɓen jam'iyyar Erdogan, shugaban Turkiyya.

Ina karatun kimiyyar harshe. Na ga rubutun Kurdanci iri biyu a intanet, ɗaya da boko, ɗaya kamar ajami. Harshe ɗaya ne ko biyu? In mutum zai fara koyo, ta ina zai kama?
*Wata ɗaliba, jami'ar Damagaram*

Malama, ga abin da zai ba ki mamaki tun farko: ta wajen tsatso, Hausa ta fi Kurdanci kusa da Larabci. Hausa da Larabci gidansu ɗaya, Afro-Asiya. Kurdanci kuwa ɗan gidan Indo-Turai ne, reshen Iran, watau ɗan'uwan Faransanci ne na nesa. Ki ƙirga da shi ki ji: yek, du, sê, çar, pênc, şeş, heft, heşt, neh, deh. Ki ajiye du kusa da deux, neh kusa da neuf, deh kusa da dix. "Kai" ko "ke" a Kurdancin arewa tu ne, daidai da na Faransanci. Kalmomin Larabci da ke cikinsa aro ne irin namu. Su sun ce wext da xeber, mu mun ce lokaci da labari. Tushe ɗaya ne, mu dai mun haɗiye har da "al" ɗin Larabci.

Manyan rassa biyu ne. Kurmanji shi ya fi yawan masu magana: Turkiyya, Siriya, yankin Duhok na Iraƙi, da wani ɓangare na Iran. Sorani kuma na Arbil, Sulaimaniyya, Kirkuk, Mahabad da Sanandaj ne. Akwai Kurdancin kudu a wajen Karmanshah. Sai Zazaki da Gorani, waɗanda masana harshe da yawa ke ware su a matsayin harsuna masu zaman kansu, ko da yake yawancin masu jin su Kurdawa suke kiran kansu. Kada ki auna tazarar Kurmanji da Sorani da ta Damagaranci da Sakkwatanci. Mutumin Damagaram da na Sakkwato za su yi ciniki su rabu lafiya, sai dai a yi wa juna dariyar "shi" da "mishi". Mutumin Diyarbakir da na Sulaimaniyya kuwa, in ba su saba ba, sukan sha wahala kafin su gane juna, domin nahawun ne ya bambanta, ba lafazi kaɗai ba.

Misali, Kurmanji na da jinsi, namiji da mace, Sorani ya zubar da shi. Kuma a nan Bahaushiya ta fi Bafaranshe sa'a. Yadda muke cewa gidan malam amma motar malam, haka Kurmanji ke liƙa ê ga namiji, a ga mace: bavê min, ubana, diya min, uwata, kurê min, ɗana, keça min, ƴata. Inda ake tuntuɓe shi ne, a Hausa ƙarshen kalma kan nuna miki jinsinta, a Kurmanji babu wannan alama. Saboda haka kada ki haddace suna tsirara. Kada ki riƙe mal, gida. Ki riƙe mala min, gidana, sai jinsin ya zauna miki tare da kalmar.

Tuntuɓe na biyu ya fi zafi. "Ni" iri biyu ne, ez da min. A lokaci mai ci, ez te dibînim, ina ganinki. A shuɗaɗɗen lokaci, in aikatau mai karɓau ne, sai abin ya juye: min tu dîtî, na gan ki. Mai aikin ya koma min, aikatau kuma ya bi wanda aka gani, ba wanda ya gani ba. Amma in babu karɓau, ez na nan: ez hatim, na zo. Mai koyo kan ce ez dît, kuma nan take a gane baƙo ne.

Rubutun boko da kika gani Jaladat Ali Badirkhan ne ya tsara shi, ya fara amfani da shi a mujallar Hawar a Dimashƙu a 1932. Haruffa 31 ne. Ki kiyaye biyar: c ana karanta shi j, ç shi ne c namu, ş shi ne sh, x shi ne kha ta Larabci, j kuma irin ta Faransanci. Shi ya sa garin da ake rubutawa Cizre ake kiransa Jizre. Haruffan q, w, x babu su a abacadar Turkanci, kuma sai a 2013 aka sassauta hana amfani da su a hukumance. Kafin nan an gurfanar da mutane saboda w ɗin da ke cikin kalmar Newroz, sunan bikin sabuwar shekararsu.

Sorani da haruffan Larabci ake rubuta shi, amma ya warware matsalar da ajaminmu ke fama da ita: wasula ba alamomi ba ne a sama da ƙasa, haruffa ne cikakku a cikin layi, in ban da gajeren i guda. Ya kuma raba r biyu. Yadda bara na gidan sarki da bara ta almajiri suka bambanta a bakinmu amma boko ya rubuta su iri ɗaya, su ker jaki da ker kurma kowanne da harafinsa, na biyun da ƴar alama a ƙasa.

Shawara: ki zaɓi ɗaya, kada ki haɗa. In Turkiyya ko Siriya ko mazauna Turai ne gabanki, Kurmanji. In Iraƙi ce, Sorani, wanda ya fi yawan littattafai da jaridu saboda an daɗe ana karantar da shi a makarantu, kuma tsarin mulkin Iraƙi na 2005 ya sa Kurdanci harshen hukuma tare da Larabci. A Turkiyya dokar 1983 ta hana wallafa da shi, aka soke ta a 1991, gidan talabijin na gwamnati da Kurdanci ya buɗe a 2009, aka fara koyar da shi a matsayin darasin zaɓi a 2012.

Ina koyar da tarihi a lise. Yara sun tambaye ni me ya sa al'umma mai yawa haka ba ta da ƙasa. Na ce musu Turawa ne suka raba su kamar yadda suka raba Hausawa. Na yi daidai?
*Wani mushe, Sabon Gari*

Mushe, ka ba su rabin amsa. Rabuwar farko ba Turawa suka yi ta ba. Bayan yaƙin Chaldiran na 1514 tsakanin daular Usmaniyya da Safawiyyawan Iran, da yarjejeniyar Zuhab ta 1639, ƙasar Kurdawa ta riga ta kasu biyu. Sarakunansu na Botan da Baban da Soran da Bitlis suna mulkin kansu suna kai gaisuwa Santambul, kusan yadda Damagaram ta yi zamanin tana kai wa Barno. A tsakiyar ƙarni na 19 Usmaniyya ta rushe masarautun ɗaya bayan ɗaya. An ci Badirkhan na Botan a 1847. Daga nan jagoranci ya koma hannun shehunan ɗariƙa da shugabannin ƙabilu, kowa da kwarinsa.

Bayan yaƙin duniya na farko ne dama ta zo ta wuce. Yarjejeniyar Sèvres ta 10 ga Agustan 1920, a sassa na 62 zuwa 64, ta tanadi cin gashin kai ga Kurdawan gabashin Furat, da yiwuwar ƴanci in mafi yawansu sun nema cikin shekara guda kuma Majalisar Ƙasashe ta wancan zamani ta yarda. Ba a taɓa aiki da ita ba. Mustafa Kamal, jagoran Turkawa, ya ja daga, ya ci yaƙi, kuma ka gaya wa yaran cewa shugabannin Kurdawa da dama a bayansa suka yi yaƙin, da sunan kare halifanci da tsoron a kafa ƙasar Armeniyawa a gonakinsu. Yarjejeniyar Lausanne ta 24 ga Yulin 1923 ko sunan Kurdawa ba ta ambata ba. A 1924 aka soke halifancin da suka yi wa yaƙi. Shehu Sa'id ya yi tawaye a 1925 aka rataye shi, aka murƙushe tawayen Ararat a 1930, aka yi kisan Darsim a 1937 da 1938. Lardin Mosul kuma Ingila ta tsaya sai da aka haɗa shi da Iraƙi, Turkiyya ta amince a 1926. Shekara guda bayan haka man fetur ya yi ambaliya a Kirkuk.

Kwatancinka da Hausawa ya yi ta fuska ɗaya, ya karye ta fuska ɗaya. Iyakar Turkiyya da Siriya layin jirgin ƙasa ta bi, har Kurdawan wurin na kiran juna mutanen "saman layi" da na "ƙasan layi". Amma mai fita daga Matamaye zuwa Daura ba ya taka nakiya, su kuwa an binne nakiyoyi a tasu iyakar tun shekarun 1950. Ba a taɓa hana Bahaushe sa wa ɗansa sunan Hausa ba, ba a kira shi "Baturken dutse" yadda Turkiyya ta kira Kurdawa ba, ba a wayi gari an ƙwace masa takardar zama ɗan ƙasa ba, kamar yadda ƙidayar Hasaka ta 1962 ta yi wa Kurdawa wajen 120,000 a Siriya.

Daga nan sai wani abu da ya yi ta maimaita kansa. A 22 ga Janairun 1946 Alƙali Muhammad ya kafa jamhuriyar Mahabad a Iran da goyon bayan Tarayyar Sobiyat. Sojan Sobiyat suka janye, jamhuriyar ta faɗi a Disamba, aka rataye shi a Maris 1947. A Iraƙi, Mulla Mustafa Barzani ya yaƙi Bagadaza da makaman Shah na Iran da kuɗin Amurka. Ranar 6 ga Maris 1975 Shah da Saddam suka shirya a Aljiyas kan ruwan Shaɗɗul Arab, aka yanke taimakon, tawayen ya watse cikin makonni. A 1988 gwamnatin Saddam ta kai wa Kurdawan Iraƙi farmakin Anfal, wanda masu bincike suka ce ya ci rai 50,000 zuwa 100,000, Kurdawa kuma suna cewa 182,000. A Halabja kaɗai iskar guba ta kashe wajen 5,000 ranar 16 ga Maris. A 1991 suka tashi bayan kiran shugaban Amurka, aka bar su, fiye da miliyan guda suka gudu kan duwatsu. A Oktoban 2019, bayan Kurdawan Siriya sun yi wa duniya yaƙin Da'ish daga Kobani har Raƙƙa, sojan Amurka suka ja baya daga iyaka, Turkiyya ta shigo. Karin maganarsu ke nan: ba su da aboki sai duwatsu.

Amma kada ka tsaya nan, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga 1994 zuwa 1998 jam'iyyar KDP ta Barzani da PUK ta Talabani sun yi yaƙin da su kansu suke kira birakujî, kisan ɗan'uwa. A ƙarshen Agustan 1996 KDP ta gayyato tankokin Saddam, shekara takwas kacal bayan Halabja, don ta ƙwace Arbil daga PUK. A ganinmu duk darasin da ya ɗora laifin a kan baƙi kaɗai ya rage wa yaran gaskiya.

Na ji an ce Kurdawan Iraƙi sun yi zaɓen raba gardama kuma kusan kowa ya zaɓi ɓallewa. To me ya hana?
*Wani ma'aikacin matatar mai*

An yi shi ranar 25 ga Satumban 2017, sama da kashi 92 cikin ɗari suka ce i. Abin da ya hana, ɗan'uwa, kai ka fi kowa saurin gane shi: ƙasa ce da ba ta da teku, arzikinta mai ne, bututun kuma ta gonar maƙwabci ya bi.

Yankin Kurdistan na Iraƙi yana da majalisa tun 1992, da shugaba, da firaminista, da tuta, da sojansa da ake kira peshmarga, ma'ana masu tunkarar mutuwa. Tun 2005 ma al'ada ta zama shugaban ƙasar Iraƙi Bakurde ne, daga Jalal Talabani zuwa waɗanda suka biyo shi. Ba shi da kuɗinsa, ba shi da fasfo, sararin samaniyarsa kuma a hannun Bagadaza yake. Kwana huɗu bayan zaɓen aka hana jiragen waje sauka a Arbil da Sulaimaniyya. Iran ta rufe iyaka, Turkiyya ta yi barazanar rufe bututun da ke kai mai tashar Jaihan, Amurka ta ce ba da yawunta ba. Ranar 16 ga Oktoba sojan Iraƙi suka shiga Kirkuk, wasu rundunonin PUK suka janye ba faɗa, rijiyoyin da ke ba yankin kusan rabin kuɗin mansa suka tafi. Shugaban yankin, Mas'ud Barzani, ya sauka daga mulki. Kason yankin a kasafin Iraƙi ya faɗo daga kashi 17 zuwa 12.67 a 2018. Bututun ma an rufe shi a Maris 2023 bayan hukuncin wata kotun sasanci a Paris, sai ƙarshen Satumban 2025 mai ya sake gudu. Wanda ya bi labarin bututun Agadem zuwa gaɓar Benin a 2024 ya san yadda abin yake.

Shi ya sa in ka saurari jam'iyyunsu yau, ƙasa guda mai haɗa kashi huɗu ba ita ce a bakinsu ba. A Iraƙi rigimar albashi ce da kason mai da makomar Kirkuk, wadda sashe na 140 na tsarin mulki ya ce a warware kafin ƙarshen 2007 kuma har yau shiru. A Turkiyya karatu da harshen uwa ne, da sakin fursunonin siyasa irin su Salahaddin Demirtash da ke tsare tun 2016, da daina cire zaɓaɓɓun magadan gari ana naɗa kantomomi. A Siriya, yarjejeniyar 10 ga Maris 2025 tsakanin Mazlum Abdi, kwamandan mayaƙan Kurdawa, da shugaban ƙasar Ahmad al-Shara ta ce a shigar da hukumomin Kurdawa cikin gwamnati, gardamar da ta biyo baya kuma ita ce ko mayaƙan za su shiga soja a dunƙule ko ɗaya-ɗaya. A Iran kuwa manyan jam'iyyunsu cin gashin kai suke nema a cikin ƙasar, kuma daga gudun hijira suke magana.

Ina saro abayoyi da kayan yara a Santambul. Mai shagon da nake hulɗa da shi an ce mini Bakurde ne, wata ta ce in yi hankali kada a haɗa ni da ƴan ta'adda. Akwai haɗari?
*Wata ƴar kasuwa, Kasuwar Dole*

Hajiya, ki ci gaba da cinikinki. Babu birnin da ya kai Santambul yawan Kurdawa a duniya, kuma a kasuwannin tufafi irin Laleli da Merter da wuya ki wuni ba ki yi ciniki da ɗaya ba. Da yawansu iyayensu sun taho ne a shekarun 1990, lokacin da aka tashi ƙauyuka fiye da 3,000 a yaƙin soja da PKK. Ƴan ƙasa ne kamar kowa. Ministan kuɗin Turkiyya Mehmet Shimshek ma Bakurde ne.

PKK ta ɗauki makami a 1984, yaƙin ya ci rai sama da 40,000, Turkiyya da Amurka da Tarayyar Turai sun sa ta cikin ƙungiyoyin ta'adda. An kama shugabanta Abdullahi Ojalan a Nairobi a Fabrairun 1999, yana tsare a tsibirin Imrali. A 27 ga Fabrairun 2025 ya yi kira a rusa ƙungiyar, ta sanar da rushewarta a 12 ga Mayu, a Yuli kuma mayaƙa talatin suka ƙona bindigoginsu kusa da Sulaimaniyya.

Inda haɗarin yake shi ne wayarki. Sashe na 7 na dokar yaƙi da ta'addanci ta Turkiyya ya tanadi ɗaurin shekara ɗaya zuwa biyar ga mai yi wa irin wannan ƙungiya farfaganda, kuma an sha hukunta mutane kan abin da suka sa a Facebook. Kafin ki tashi, ki duba hotunan da ake turowa a zaurukan WhatsApp suna sauka da kansu. In akwai tutar ƙungiya ko hoton Ojalan ko bidiyon mayaƙa, ki goge, kada kuma ki tura wa kowa. Kada ki buɗe zancen siyasa a shago, kada ki tambayi mutum ko yana goyon bayan wane. Kalmar Kurdistan ma, in ba yankin Iraƙi kike nufi ba, ki bar ta a cikinki, don ba ki san wa ke gefe ba. In tafiyarki ta faɗo wajen 21 ga Maris, ranar bikin Newroz, za ki ga taro da wuta da tufafi masu ja da kore da rawaya, ƴan sanda kuma ko'ina. Ki kalla daga nesa, kada ki tsaya ɗaukar hoto.

In kuma mai shagon da kansa ya nuna miki shi Bakurde ne, gaisuwa da harshensa takan sauko da farashi fiye da doguwar tayawa. Da safe ki ce roj baş, ana faɗinsa "rozh bash", barka da yini ke nan. In ya girme ki, ki kira shi keko, wato yaya. In ya faɗi kuɗi ki ce biha ye, ya yi tsada. Araha kuwa erzan ce. In an gama ki ce spas, na gode. Rasit da takardun kaya dai da Turkanci za a rubuta, ki tabbata sunan shagon da hatiminsa suna kai kafin ki miƙa wa masu jigila.